Me haruffan SC da kambin sarki ke nufi a kuɗin tagullar Rumawa?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon kuɗin Rumawa na tagulla. A gefe guda akwai kan sarki da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, a ɗaya gefen kuma manyan haruffa biyu, SC. Me suke nufi?

Amsa: Malam mai tambaya, abin da ka gani dupondius ne, ɗaya daga cikin ƙananan kuɗin Rum. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Agustus ya sake tsara ƙananan kuɗin Rum. Sestertius da dupondius ana buga su da gaurayen jan ƙarfe da tutiya, wanda ake kira as kuwa da jan ƙarfe zalla. As 2 ne dupondius, as 4 ne sestertius, sestertius 4 kuma denarius ɗaya na azurfa. Matsalar ita ce dupondius da as girmansu kusan ɗaya, idan suka yi dauɗa sai a rikita su a kasuwa. Tun zamanin sarki Nero aka fara sa wa sarki kambin hasken rana a kan dupondius, a bar kambin ganye a kan as. Kambin yana danganta sarki da allan rana na Rumawa, amma ga mai sayar da burodi amfaninsa shi ne kada a cuce shi wajen canji.

SC kuwa taƙaitawa ce ta Senatus Consulto, wato da izinin majalisar dattawa. Girmamawa ce ga majalisa a lokacin da mulki ya riga ya koma hannun mutum ɗaya.

Ni dai hotunan da ake sawa a bayan kuɗin sun fi ɗaukar hankalina. Zinariya tana hannun masu hali, tagulla ita ce ke yawo tsakanin talakawa, ga sestertius da faɗin da zai ɗauki cikakken hoto. Nero ya sa hoton tashar jiragen ruwan Ostia, inda hatsin da ke ciyar da birnin Rum yake sauka. A shekara ta 71 sarki Vespasian ya sa hoton mace zaune ƙarƙashin dabino tana baƙin ciki, da rubutun Iudaea Capta, wato an ci ƙasar Yahudiya, bayan an ci birnin Kudus da yaƙi a shekara ta 70. Hoton yana da sosa rai, domin kukan waɗanda aka murƙushe ne aka mayar abin taƙama. Sarki Hadrian kuma da ya yafe bashin haraji na sestertius miliyan 900, sai ya sa a zana dogari yana cinna wa takardun bashin wuta, domin ko wanda bai iya karatu ba ya fahimci an yafe.