Tambaya Da Amsa: Shari'ar Minti Ashirin, Ina Rubutunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne aka kama da waya a kasuwa nan Daura wai ta sata ce, aka kai shi kotun majistare, wallahi ko minti ashirin ba a yi ba aka yanke mai wata shida wai ya amsa laifi, alhali shi abin da ya ce "eh a hannuna aka same ta amma saya nai". Dama haka ake yi? Daga wata 'yar uwa a Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya fidda shi. Saurin dai doka ta yarda da shi a ƙananan laifuka, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta takardar FIR (rahoton farko na 'yan sanda mai ɗauke da tuhumar), a tambayi mutum, in ya amsa a yanke nan take. Amma duk saurin nan dole a rubuta. Sashe na 36(7) na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka yi wa shari'ar laifi kotu ta aje rubutun zaman, kuma shi ko wanda ya wakilta yana da haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gamawa.

Inda maganarki take da ƙarfi shi ne kalaman da ya faɗa. Tun tsohuwar dokar CPC ta Arewa (dokar tsarin shari'ar laifuka), sashe na 157, cewa aka yi in mutum ya amsa a rubuta amsar da kalmominsa gwargwadon iko, to wanda ya ce "saya nai" ai bai amsa sata ba, musu ya yi, kamata ya yi a kira shaidu a ji daga wa ya saya, nawa, a gaban wa. Abin da ke damuna kenan, rubutun majistare da Turanci ake yi, yaro ya yi bayani da Hausa a taƙaita shi a kalma ɗaya, shi kenan wata shida ta hau kansa. Shi ya sa a duba ko an rubuta cewa an fassara mai tuhumar ya gane, tafinta kyauta ne a sashe na 36(6) na tsarin mulki.

Gobe-goben nan ki je wajen rajistara na kotun da lambar ƙara, ki rubuta takardar neman kwafin hukunci da na zaman gaba ɗaya mai hatimi, ki riƙe kwafin takardarki, duk kuɗin da kika biya a ba ki rasit. Kar ki zauna jiran wani ya ce zai yi magana da wani, wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu kwana 30 ne, kuma alƙalin can bai ga zaman ba, abin da ke fayil kawai zai karanta. In babu kuɗin lauya ku nemi ofishin Legal Aid da ke Katsina, kyauta suke tsayawa marasa hali, su ne kuma za su nema mai beli kafin a saurari ƙarar.