Amsa ga ƙanenmu da baffansa ya sayar da gonarsu

Salama a gare ka, ƙanena. Ka ce bayan rasuwar mahaifinku baffanku ya sayar da gonarku ba da saninku ba, ka furta a gaban fasto cewa ka yafe, amma har yau in ka hango shi a kasuwa sai ƙirjinka ya ɗau zafi. Kana tambaya ko yafiyar taka ta baki ce kawai. A'a, ba ta baki ba ce, kuma zan gaya maka dalili daga abin da ya same ni.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Karaye. Babanmu ya bar mana fadama guda da muke rake da tumatir a cikinta. Yayana, wanda muke uba ɗaya, ya jinginar da ita a ɓoye. Ban sani ba sai ranar da na sammako da fartanya a kafaɗa na tarar da wani yana aiki a ciki. Muka je gaban mai unguwa, muka je gaban dagaci, magana ta ƙi ƙarewa. Shekara 4 ba ma ga maciji, alhali cocinmu ɗaya. Ranar jibin Ubangiji nakan canza benci don kada hannuna ya karɓi tire daga nasa. Duk lokacin da aka karanta Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka fara shiryawa da ɗan'uwanka, sai in sunkuyar da kai.

Abin da ya riƙe ni tsoro ne. Gani nake in na yafe, shi ke nan ya ci bulus, babu mai bi mini hakkina. Wani dattijon ikkilisiyarmu ne ya zaunar da ni a gindin darbejiya ya buɗe mini Matiyu 18, misalin bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, wato maƙudan kuɗi, amma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Ya nuna mini cewa dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini guda ne, kamar yadda yake a Matiyu 20:2. Ke nan dinari 100 guminka ne na fiye da wata uku. Yesu bai raina wannan bashin ba, bai ce ba a cuci mutumin ba. Ya dai ajiye shi kusa da wanda Allah ya yafe mana. Sannan dattijon ya kai ni Romawa 12:19, inda Ubangiji ya ce ramako nasa ne. A nan na gane cewa yafiya miƙa ƙara ce ga Alƙalin da ba a saye shi. Ban yarda Allah zai riƙe maganar da kyau ba, shi ya sa na ƙanƙame ta.

Zafin bai tafi a ranar ba. Na fara ambaton sunan Yaya a addu'ar safe, watanni bakina na ɗaci in na zo wurin. Da damina ta yi tsakiya ciwo ya kwantar da shi, ciyawa ta haye geronsa lokacin maimai. Na kwashi yarana uku muka nome masa. Bai ce mini komai ba. Da la'asar matarsa ta iso bakin gona da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta ajiye, ta kasa ɗago ido. Da na sha furar nan na ji wani abu ya saki a ƙirjina.

Sai dai ka bambance yafiya da shiri. Yafiya kai kaɗai kana iya yin ta a gaban Allah, shiri kuwa sai mutum biyu. Shi ya sa Bulus ya ce a Romawa 12:18 a zauna lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunka. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, amma a Farawa 50:20 ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita. Isuwa ya rungumi ƙanensa Yakubu da ya taɓa cutarsa, suka yi kuka a Farawa 33, duk da haka Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Ni ma mun fanshi fadamar a gaban dattawa, aka rubuta takarda, dagaci ya sa hannu. Yau muna cin tuwo a kwano ɗaya da Yaya, amma harkar kuɗi ba na shiga da shi sai da shaida.

Don haka kada wani ya ce maka neman hakkin ƙannenka marayu ya rushe yafiyarka. Bi matakan Matiyu 18:15-17: ka same shi ku biyu tukuna, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ku kai wa ikkilisiya. Kafin nan, ranar Lahadi mai zuwa in an tashi daga sujada, ka je ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, ko da bai amsa ba. Zan sa ku duka biyu a addu'a.