Saurin tafiya da halin mutum: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, in muna tafiya da maigidana sai ya bar ni a baya kamar ana korarsa. Ƙawata ta ce masu irin wannan tafiya ba su da kwanciyar hankali. Haka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ƙawarki ta yi saurin yanke hukunci. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba manya fiye da 15,000, ya gano cewa masu son shiga jama'a da masu tsari a harkokinsu sun fi ɗaga ƙafa, masu yawan fargaba da saƙe-saƙe kuwa tafiyarsu ta fi sanyi. Sai dai wannan lissafin taron jama'a ne, ba a karanta zuciyar mutum ɗaya daga takunsa. Tsawon ƙafa ma yana da nasa rabo. Ki dai lallaɓa shi ya riƙa jiranki.

Tambaya: An ce ƙasashen da mutanensu ke tafiya da sauri sun fi jin daɗin rayuwa. In koyi sassarfa ke nan? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, maganar tana da tushe. Robert Levine, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya auna gaggawar rayuwa a ƙasashe 31, aka wallafa sakamakon a 1999. An duba lokacin da mutum ke ɗauka ya taka kimanin mita 18 a tsakiyar birni, da saurin ma'aikatan gidan waya, da daidaiton agogon bankuna. Suwizalan da Ayalan da Jamus ne a sama, Meksiko a ƙarshe. Mutanen ƙasashen gaggawa sun fi cewa suna jin daɗin rayuwarsu, amma kuma can ne ciwon zuciya ya fi kisa, an fi zuƙar taba. A ganina arziki ne ya kawo saurin da jin daɗin tare, ba ƙafa ba. Binciken ya kuma nuna cewa garuruwa masu zafi sun fi tafiya a hankali, don haka kada ka zargi kanka a ranar Maraɗi. Tattaki mai ɗan kuzari dai yana wartsake zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na irin wannan motsa jiki a mako.

Tambaya: Mahaifina ya haura 70. A da shi ke riga kowa zuwa masallaci, yanzu jan ƙafa yake, ya daina zama majalisa. Tsufa ne? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ce tambayar da ta fi damuna, don canjin tafiya ya fi saurinta muhimmanci wurin likita. Mai ciwon damuwa yakan rage sauri, ya sunkuyar da kai, hannuwansa su daina lilo, ya guji mutane, abinci da barci su gagare shi. Ƙarancin jini, ciwon zuciya, ciwon gwiwa da cutar Parkinson mai sa karkarwa da gajeren taku, duk suna kawo haka, kuma ana samun sauƙinsu da magani.

Ka auna mita 4 a tsakar gida, ya taka yadda ya saba. In ya wuce daƙiƙa 5, a kai shi asibiti a duba jininsa, hawan jini da sukari, kuma ka gaya wa likitan batun majalisar, kada ka ɓoye don kunya. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.