Amsa ga ɗan'uwan da sifikar laftof ɗinsa ta yi shiru

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta bayaninka cewa yau kwana uku ke nan sifikar laftof ɗinka ba ta fitar da sauti ko da ka ƙure ƙarar zuwa 100, kuma mai gyara ya ce sai an goge komai an sake ɗora Windows. Da na zo kan maganar gogewar nan sai da gabana ya faɗi, domin a daidai nan aka cuce ni. Don Allah kada ka miƙa masa kwamfutar tukuna.

Tawa ta ɗauke ne a tsakiyar hunturu. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, bai ko zauna ya saurare ni ba, ya danna nan ya danna can yana hira da maƙwabcinsa, sannan ya ce ƙwayar cuta ce, in dawo bayan la'asar. Na ce masa akwai muhimman abubuwa a ciki, ya ce in kwantar da hankalina. Da na dawo na tarar ya goge ta kaf, sauti bai dawo ba, sai ya sauya magana ya ce ashe ɓangaren sauti na babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ne ya ƙone, in kawo kuɗin wani. A cikin abin da ya goge akwai muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda na naɗa yana ba mu tarihin gidanmu watanni kaɗan kafin rasuwarsa, kuma ba ni da ita a wani wuri. Na tsaya a bakin rumfar ina buɗe jakunkunan ajiya ɗaya bayan ɗaya, duk wayam, shi kuwa yana kurɓar shayinsa yana cewa ai laifina ne da ban kwafe ba. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma sai da ya karɓi kuɗin aikinsa cif. Har yau idan na bi ta layin nan zuciyata tafasa take yi.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne wani ɗalibina ne ya gano matsalar cikin 'yan mintuna. Ya danna alamar sifika da ke ƙasan allo, ya nuna mini an rubuta Headphones alhali babu abin da ke jone. Ashe a cikin ramin iyafis akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke sanar da kwamfuta an soka waya, ƙurar hunturu ta maƙale shi, ita kuma ta ci gaba da tura sautin zuwa ramin. Ya kashe ta, ya hura ramin da 'yar robar hura ƙura, ya soka iyafis ya zare kamar sau goma, da muka kunna sai sauti ya fito tar.

Saboda haka ka fara da iyafis mai waya. Idan ka ji sauti a kunnenka, to ɓangaren sauti na babban allon yana da rai, kuma zargi ya koma kan ramin nan, ko siririyar wayar da ta haɗa sifika da babban allon, wadda takan kwance idan kwamfuta ta taɓa faɗuwa, ko sifikar kanta. Sifikar da ta mutu yawanci takan fara da ƙara-ƙara da gwaranci kafin ta yi shiru, kuma da wuya sifikar dama da ta hagu su mutu rana ɗaya. Kada ka zura allura ko ka zuba wani ruwa a ramin.

Ka kuma tuna ko ka jona ta da talabijin ko majigi ta wayar HDMI a kwanakin nan, ko akwai wata sifikar Bluetooth a gidan da take kama ta da kanta. Ka shiga Sound settings ka tabbatar Speakers aka zaɓa a wurin fitar da sauti. Wani abokin aikina ya yi mako yana fama, ashe sautinsa yana tafiya cikin iyafis ɗin da ke aljihun jakarsa.

Tun kafin ka ci gaba, ka samo filas ka kwafe hotuna da muryoyin iyayenka a daren nan, ko da kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Idan iyafis ɗin ma shiru, to a nan ne za ka duba direban sauti, wato manhajar da Windows ke sarrafa ɓangaren sauti da ita. Ka buɗe Device Manager, ka nemo Sound, video and game controllers, inda galibi za ka ga sunan Realtek. Idan shirun ya biyo bayan wani sabuntawar Windows ne, ka danna sunan sau biyu, ka shiga Driver, ka zaɓi Roll Back Driver don komawa tsohon direban, in kuwa ba ya dannuwa ka yi Uninstall device ka sake kunna kwamfutar, za ta ɗora wani da kanta ba tare da ta taɓa ko takarda ɗaya taka ba. Haka nan ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta services.msc, ka sake tayar da Windows Audio. Ba ka faɗi irin kwamfutarka ba, amma idan Dell ce F12 a lokacin kunnawa yana kai ka ga gwajin kayan ciki, idan HP ce ka danna Esc sannan F2, kuma sautin da ya fito a can shaida ce cewa sifikarka ba ta mutu ba.

In har ta kama sai an buɗe ta, ka zauna a gaban mai gyaran ya buɗe kana gani, ya fara duba wayar sifikar. Ka gwada iyafis ɗin yau ka faɗa mini abin da ka ji, da kuma abin da aka rubuta a kan alamar sifikar, zan tsaya da kai mu bi sauran in sha Allahu.