Fim ɗin casu ba zai tsaya maka a madadin littafin ba

Kana tambaya ko kallon A Midsummer Night's Rave zai wadatar da kai a jarrabawa, ba sai ka karanta A Midsummer Night's Dream na Shakespeare ba. Gaskiya ba zai wadatar ba. Fim ɗin na 2002 ƙashin labarin kawai ya ɗauka, wato masoyan da soyayyarsu ta rikice cikin dare ɗaya. Dajin bayan birnin Atina ya koma wurin casun matasan Amurka, ruwan furen sa soyayya da aljani Puck ke ɗiga wa mai barci a ido ya koma ƙwaya, saurayi Lysander ya zama Xander, masoyiyarsa Hermia kuma Mia.

Na sha duba takardun ɗalibai, wanda fim kawai ya kalla daga layin farko ake gane shi. Za a tambaye ka dokar Atina da Egeus, mahaifin Hermia, ya kafe a kai, cewa 'yarsa ta auri Demetrius ko a kashe ta, da kan jakin da aka ɗora wa masaƙi Bottom. Fara karanta littafin tukuna, sannan ka kalla don ka riƙe wa ke son wa. Amma fa ba a falo gaban iyaye ba, akwai shaye-shaye sosai.