Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Riƙa Kwafe Fayilolin Shago?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Sabon Gari, nan Damagaram. Mu huɗu ne muke loda aikin jama'a a sabar haɗaka (kwamfutar ajiya ta intanet da ake rabawa da wasu) da na kama haya wurin wani kamfani, galibi kundayen ɗaliban jami'a da hotunan biki. Ina son duk fayil ɗin da ya shiga a kwafe shi nan take, ba sai na tuna ba. Kamfanin na tallata mini tsarin ajiya na biya duk wata, wani kuma ya ce in sayi faifan waje, wato faifan ajiya da ake jona wa kwamfuta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Bari mu fara da wannan "nan take" ɗin, don shi zai wahalar da kai a banza. Akwai wata dabara a Linux, tsarin da ke tafiyar da irin waɗannan sabobi, mai suna inotify, tun 2005 take, wadda ke sanar da manhaja da zarar sabon fayil ya sauka. Sai dai tana buƙatar manhajar da za ta kwana tana gadi, kuma yawancin masu ba da hayar sabar haɗaka ba sa barin haka, domin na'ura ɗaya ce kuke rabawa da mutane da yawa. Ga kuma intanet ɗinmu mai yankewa: yaronka na tsakiyar loda kundi layi ya tsinke, idan ba a tsara gadin da kyau ba sai a kwafe rabin fayil a adana maka.

Abin da ya fi zama lafiya shi ne cron, agogon da ke tayar da aiki a kan lokaci. In sabarka na da cPanel, wato shafin da ake sarrafa saba da shi, cron yana nan ciki. Ka sa duk awa ɗaya ya tayar da rsync, mai kwafe fayiloli, wanda sabo da abin da ya canza kaɗai yake ɗauka, saboda haka ba ya cinye data. A kuma tsara aikin yadda zai tsallake duk fayil ɗin da bai yi minti goma da sauka ba, a ɗauke shi a zagaye na gaba.

Wuri ɗaya za ka sa ido idan yaron da ke haɗa maka ya zauna. In ka ga ya rubuta --delete a layin rsync, ka riƙe hannunsa. Ma'anarsa duk abin da aka goge a saba a goge shi a ajiya ma. Ranar da ɗaya cikinku ya share kundin wani bisa kuskure, kafin la'asar kwafin ma ya bi shi.

Yanzu batun saye. Tsarin kamfanin ba laifi, amma ka tambaye su a rubuce: a ina kwafin ke zama, kuma kwana nawa suke riƙe tsoho? A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiye sabobi ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa komai domin ajiyarsu na wuri guda da sabar. Hatsin ci da na iri ba a zuba su rumbu ɗaya. Ni dai da kuɗi ɗaya ne a hannuna, faifan waje zan fara saya, kwamfutar shago ta riƙa jawo fayiloli a kansa. Ka haɗa da batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, don faifai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Kada ka aje shi bakin taga, zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba su da sauƙi. Duk wata ka buɗe fayil biyu ko uku daga cikinsa ka ga ko suna buɗuwa.

Tambaya: Ni ƙungiyar mata nake riƙe wa takardu a Birni. Google Drive na kyauta bai isa ba?

Amsa: Hajiya, in takardu ne zalla, gigabait 15 ɗin da suke bayarwa zai kai ki nesa, sai dai ki sani da Gmail da hotuna ake raba shi. Abin da aka jefa kwandon shara kuma bayan kwana 30 yake ɓacewa. Ki riƙa sauke kwafi a filashi duk ƙarshen wata, ki ba ma'ajiyar ƙungiya ta aje a gidanta.