Likita, na'ura tana iya ganin ƙwayoyin da ke yin insulin?

Wani magidanci daga Kurna: Likita, ina da ciwon suga. Na bar sukari na koma zuma, ya yi?

Bai yi ba, Malam. Zuma ma tana ɗaga suga, dabino ma haka. A taƙaita.

Wata uwa daga Gwammaja: Ɗana mai shekara 13 yana kan allurar insulin wata biyar. An kai mu wajen wani mai magani, ya ba yaron wani ƙarfe ya riƙe, ya duba kwamfuta, ya ce ƙwayoyin da ke yin insulin sun farfaɗo, mu bar allura mu riƙa ba shi jiƙon ɗaci. Kuma gaskiya sugansa ya yi sauƙi kwanan nan. Mu daina?

Hajiya, don girman Allah kada ku daina, ko na kwana ɗaya.

Insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, daga fankiriyas yake fitowa, wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi. Ba duka tsokar ke yin sa ba. Wasu 'yan dunƙule ne a warwatse a cikinta, kimanin miliyan ɗaya, kowanne kamar ƙwayar yashi mai laushi, in aka tattara su ba za su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tsokar ba. Wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a 1869, shi ma da madubin ƙara girma, a kan naman da aka yanko. A cikin dunƙulen nan ƙwayoyin beta suke, su ne masu aikin.

Ki barbaɗa gishiri cokali ɗaya cikin tukunyar tuwo, ki tuƙa, ki rufe, sannan wani ya ce daga waje ya ƙirga miki ƙwayoyin. Haka ƙwayoyin beta suke a cikin fankiriyas: sikanin da muke yi a asibiti ba ya nuna su, hoton cikin jiki na MRI na yau da kullum ma haka. Masu bincike a Holan sun yi dabara: akwai wani sinadari, exendin, da aka samo asalinsa daga yawun wani ƙadangare na hamadar Amurka, wanda ke manne wa ƙwayoyin beta. Sukan haɗa shi da ɗan abu mai fitar da haske, su yi wa mutum allura, sannan babbar na'ura ta ɗauki inda ya taru. Duk da wannan wahala ƙiyasi ake samu, kuma har yau abin bincike ne. To shi mai ƙarfen a ina ya gan su? Wallahi abin nan yana ƙona mini rai, musamman in na tuna kuɗin da ake karɓe wa mutane.

Sauƙin da kika gani kuwa, mun san shi. Irin ciwon ɗanki, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin beta. In aka fara allura, 'yan ragowar sukan samu hutu su ɗan taɓuka na wasu makonni ko watanni, sai buƙatar insulin ta ragu. Daga baya takan dawo. Allurar ce ta kawo sauƙin. In za a rage ta, likitansa ne zai rage, bayan ya ga littafin da kuke rubuta awon suga. Akwai gwajin jini, C-peptide, da ke nuna ko jiki na yin nasa insulin ɗin. Ki tambaya a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala.

Shuwaka da garafuni, ɗacinsu a harshe yake tsayawa, ba sa zama insulin. Yaron da aka cire wa allura, cikin kwana ɗaya ko biyu jininsa na iya gurɓacewa. In kin ga amai, ciwon ciki, ƙishirwa da yawan fitsari, numfashi sama-sama ko yawan barci, ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya kemis, kada a jira mai gida ya dawo kasuwa.

Wata budurwa daga Hotoro: Ba mu da wuta, ina zan ajiye insulin da zafin nan?

A ɗaure kwalbar a leda, a sa a ƙaramin gwangwani, a ajiye gindin randa a inuwa. Wadda aka buɗe kada ta wuce mako huɗu. In kamanninta sun sauya, a jefar, a je asibiti a karɓi wata.